Daga Gona Zuwa Kasuwa: Abin Da Sababbin Dabarun Sufuri Za Su Yi Wa Manomi

 Kwanan baya mun yi ta magana a kan iri da taki da feshi. Yau kuwa za mu fita daga gona mu hau hanya, gama noma bai ƙare ba sai ran da kaya suka isa kasuwa, aka ƙirga kuɗi aka sa aljihu.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, ran nan da sassafe ina tsaye a bakin titin Zariya, nan Gyadi-Gyadi, daura da Asibitin Malam Aminu Kano, ina jiran abin hawa. Kowa ya san yadda wurin nan ya ke da safe. Ga akori-kura ta fito daga wajen Kura da Kadawa, an lafta mata kwandunan tumatir har ta durƙusa. Ga kurkura ta ɗauko lemo da kankana daga 'Yan Lemo ta nufi kasuwar Tarauni. Ga a-daidaita-sahu kamar fari, sun doshi gadar Dangi. Muna nan sai ga wani keke mai ƙafa uku ya wuce shiru, ba ƙara ba hayaƙi.

Wani dattijo manomi da na sani, mutumin wajen Bunkure, ya bi shi da kallo, sa'an nan ya ce mini, "Malamin Gona, wannan kuma da me ya ke tafiya?" Na ce, "Da batir, Baba, irin na waya, sai dai babba ne." Ya yi shiru. Can ya ce, "To, ɗana, ni abu guda na ke so in sani. Zai rage mini kuɗin kai tumatir kasuwa, ko kuwa abin 'yan birni ne?"

Wannan tambaya ta Baba ita ce za mu yi ƙoƙarin amsawa yau.

Kuɗi Biyu A Ke Biya A Hanya

Kafin mu amsa, sai mu fara sanin abin da hanya ke ci. Duk manomin da ya ɗora kaya a mota kuɗi biyu ya ke biya. Na fari shi ne wanda ya sani, watau kuɗin mota, da na lodi da saukewa, da na ɗan kamasho a tasha, da ɗan abin da a ke ajiyewa a shingayen hanya. Na biyu ba a ba da rasiɗinsa, amma sau da yawa ya fi na farin yawa. Shi ne kayan da suka lalace kafin a isa.

Ga misali, don malaman ofis su ɗauki alƙalami. Wannan lissafi na kwatance ne, kowa sai ya sa nasa adadin. A ce mutum ya loda kwando 100 na tumatir, ya biya naira 5,000 a kan kowane kwando, ya zama naira 500,000. Da aka isa sai aka tarar kwando 30 sun zama ruwa. Sauran 70 ɗin su ne za su ɗauki kuɗin motar duka, watau kowane kwando ya tashi wajen naira 7,140. Ga kuma kuɗin iri da taki da ban ruwa na kwando 30 ɗin nan, duk sun bi rariya.

Ni kaina na gani da idona. Ina sabon fitowa daga makarantar aikin gona na bi wata babbar mota da ta yi lodin tumatir a Kwanar Gafan, za ta Ikko, watau Legas, tafiyar kilomita wajen 1,000. Motar ta lalace mana tsakanin Mokwa da Jebba, muka kwana biyu a bakin hanya ana neman bakanike. Ran da muka shiga kasuwar Mile 12 ruwan tumatir ne ke zuba ta ƙarƙashin mota. Mai kayan bai ce uffan ba, ya zauna a kan wani kwando ya rafka tagumi. Noman rani guda ke nan ya tafi, ba tsutsa ce ta ci ba, ba ƙarancin ruwa ba, hanya ce.

Saboda haka ga mudun da za mu auna kowace sabuwar dabara da shi. Shin ta rage kuɗin mota? Shin ta rage ɓarnar hanya? In ba ta yi ko ɗaya ba, to, ba tamu ba ce tukuna.

Abin Da Ya Faru A 1911

Ba yau aka fara irin wannan sauyi a Kano ba. Kakanninmu fatake da jakuna da raƙuma su ke tafiya, su yi watanni a hanyar Gwanja don sayo goro. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1912 aka buɗe layin ga 'yan kasuwa. Turawa auduga su ke sa rai jirgin zai riƙa kwasa. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga harawa don dabbobi, ga shi in an shiga yunwa ana iya cinta. Fataken goro kuma, da ya ke sun riga sun saba da ciniki, suna da jari da yara a ƙauyuka, sai suka juya ga sayen gyaɗa. Daga cikin waɗanda suka yi fice daga baya akwai Alhaji Alhassan Dantata. Aka miƙa layin dogo zuwa Ƙaura Namoda a 1929, da Nguru a 1930.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, jirgin bai raba riba daidai ba. Wanda ya ke da shiri, ya iya tara kaya masu yawa wuri guda, shi ya ci moriyarsa. Na biyu, dalar gyaɗa da mu ke alfahari da ita, ban da alamar arziki, alama ce ta ƙarancin taragu. Gyaɗa ta fi ƙarfin jirgi, shi ya sa aka jibge ta tana jiran layi. Gyaɗa tana iya jira. Tumatir da tattasai da alayyafo ba su iyawa.

Ko a zamaninmu mun ga yadda abin hawa ke sauyawa dare ɗaya. A Janairun 2013 Gwamnatin Kano ta hana acaba ɗaukar fasinja a cikin birni, a-daidaita-sahu ya maye gurbinsa. Ran 29 ga Mayu 2023 kuma aka janye tallafin man fetur. Litar da a ke sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin Gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Kuɗin mota ya bi ta, manomin ƙauye ya ji a jikinsa. Wannan tsada ita ce ta sa kowa ya buɗe ido ya soma neman abin da zai tuƙa mota ban da fetur.

Gas Na Mota

Na fari shi ne iskar gas da a ke matsawa cikin tukunya, wadda a ke kira CNG. Nijeriya tana da wannan gas da yawa a ƙarƙashin ƙasa. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa shiri na musamman don juyar da motoci su riƙa aiki da shi. Ba a sake inji. Tukunya a ke ɗaura wa mota, da bututu, da na'urar rage matsi, da maɓalli. In gas ya ƙare direba ya danna maɓalli ya koma fetur. Manyan motocin dizal sun fi wuyar juyawa, galibi sai a sayo wadda aka ƙera don gas tun asali. A 2025 matatar man Dangote ta ba da sanarwar sayo irin waɗannan manyan motoci guda 4,000.

Amfaninsa araha, da ƙarancin hayaƙi. Aibinsa uku ne. Tukunyar tana da nauyi, tana cin wurin kaya. Cikawa guda ba ta kai nisan tankin fetur. Sa'an nan sai an sami wurin cikawa. Duk garin da bututu bai kai ba, a mota a ke kawo masa gas daga nesa, kuɗin ɗaukowa kuwa ya rage arahar. Shi ya sa bututun da aka soma shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta, ya bi ta Abuja da Kaduna ya ƙare a Kano, mai tsawon kilomita 614, ya shafi manomi ko da bai taɓa ganinsa ba.

Ga gargaɗi ga masu motoci. Wannan gas ba irin na girki ba ne. Matsin da ke cikin tukunyarsa ya ninka na tukunyar girki fiye da sau 10. Kada wanda ya yarda a ɗaura masa tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa a gareji. A Oktoban 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta jabu ta fashe a wurin cika gas a Benin, mutane suka ji munanan raunuka. Araha ba ta ado.

Abin Hawa Mai Batir

Na biyu shi ne irin wanda ya ba Baba mamaki. Ba shi da fulogi, ba baƙin mai, ba salansa, ba tankin mai. Batir ne ke ba da wuta, wutar ta juya wani ɗan inji, shi kuma ya juya taya. Da ya ke abubuwan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, abin lalacewa ma kaɗan ne. Yana da ƙarfin tashi da kaya daga tsaye, in kuma ya shiga cunkoso irin na Unguwa Uku bai cin komai yana tsaye.

Kada a ɗauka wasa ne. A ƙasar Sin kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu caji ne. A Indiya, inda a ke ƙero mana yawancin a-daidaita-sahu, fiye da rabin kekuna masu ƙafa uku da aka sayar a 2023 masu batir ne. Ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024. In maƙera sun sauya abin da su ke ƙerawa, mu masu saye ba makawa mu bi.

A nan Arewa ma an taɓa. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ya shugabanci hukumar kula da ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa, a 2021, aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Maiduguri kuma wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir.

Ina matsalar? Batir ne. Shi ne abu mafi tsada a jikin abin hawan, kuma yana tsufa. Zafi yana rage masa kwana, mu kuwa a Afrilu zafinmu ya kan haura digiri 40. Batir iri biyu ne. Akwai mai darma da ruwa, irin na mota, mai araha, mai nauyi, mai saurin mutuwa. Akwai na litiyam, irin na waya, mai tsada, maras nauyi, mai daɗewa. Sai kuma maganar wuta, wadda kowa ya san halinta. Dabara biyu a ke yi. Ta ɗaya, a kafa farantan sola a yi caji da rana. Ta biyu, musayar batir. Direba ya shiga tasha, ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya kuɗin caji, cikin 'yan mintoci ya wuce. Batir na kamfani ne, ba nasa ba. Haka masu babura da yawa ke yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda.

Ga yadda mai niyyar saye zai yi lissafi, shi ma na kwatance ne. A ce mai kurkura yana shan man naira 8,000 a rana. In ya koma batir caji zai ci 3,000. Rarar 5,000 ke nan. A ce mai batir ya fi na fetur tsada da naira 1,500,000. Raba wannan da 5,000, ya ba ka kwana 300 na aiki. In batir ya wuce kwana 300 da lafiyarsa, abin da ya biyo baya riba ce. In ya mutu kafin nan, an yi hasara. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce, batir wane iri ne, shekara nawa aka lamunce shi a rubuce, sabo kuma nawa ne?

Ga manomi, inda wannan abu zai fi amfani shi ne gajeriyar tafiya, daga gona zuwa bakin kwalta, ko daga 'Yan Kaba zuwa kasuwar unguwa. Manoman rani da yawa sun riga sun sayi farantan sola don jan ruwa. Ran da ba a ban ruwa farantan nan zaman banza su ke yi, alhali da an haɗa musu na'urar da ta dace suna iya cika batir. Sai dai a riƙa goge musu ƙura, balle da hunturu. Doguwar tafiya da kaya masu nauyi kuwa, irin ta Ikko, har yanzu ta dizal ce da gas da jirgin ƙasa.

Sabon Layin Dogo

Tsohon layin da ya iso a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. Sabon da a ke shimfiɗawa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, ya fi ɗaukar nauyi, ya fi gudu. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Ibadan a 2021. A 2021 ɗin kuma aka soma aikin na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin a riƙa gama takardun kwastan na kayan fita da na shigowa a nan Kano.

Abin da ya sa jirgi ke da araha shi ne ƙafar ƙarfe ce ke gudu a kan ƙarfe, ba ta da jan da tayar roba ke da shi a kan kwalta. Inji guda sai ya ja kayan tireloli masu yawa. Ran da aka haɗa layin nan daga teku har Kano, masu riɗi da zoɓo da waken suya da fatu su ne za su fara gani, haka kuma takin da a ke kawowa daga kudu. Amma a tuna da darasin 1911. Jirgi bai san buhu ɗaya ba, tarago ya sani. Bai kuma zuwa bakin gona. Wanda ya tara kaya a tasha shi zai yi ciniki da shi.

Wayar Da Ke Aljihunka

Akwai wata dabarar sufuri da ba ta da taya, ita ce wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001. Da can manomi sai ya kai kaya kasuwa kafin ya ji farashi, in ya tarar ta cika ba yadda zai yi. Yanzu kafin ya tsinke ko ɗaya yana iya buga wa dillali a 'Yan Kaba ko Dawanau ya ji yadda kasuwa ta kwana.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne motar da ta dawo ba kaya. In direba ya san zai komo wayam, kuɗin zuwa da dawowa duka a kanka zai ɗora. In kuwa ya sami kayan dawowa, ku biyu kuka raba. Wannan ne ya sa kamfanoni irin su Kobo360 suka fito a Ikko da manhajar haɗa mai kaya da mai mota, kamar yadda Hello Tractor ta yi wa masu neman tarakta. Ko ba manhaja, mutanen gari guda suna iya buɗe zauren WhatsApp, duk mai kaya ko mai mota ya sanar. Akwai kuma wata 'yar na'ura da a ke maƙala wa mota, mai kaya yana gida yana ganin inda ta ke. Da irinta na motar da na ba ku labari, da mai kayan ya nemi wata tun daren farko.

Biyan kuɗi ta waya ya rage yawo da tsabar kuɗi a hanya, mun kuma ga ranarsa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Amma a yi hattara da saƙon ƙarya. Kada ka saki kaya sai ka duba asusunka ka ga kuɗi sun shiga.

Sanyi Da Kwandon Roba

Yanzu sai kuɗi na biyu, watau ɓarnar hanya. Tumatir ko an tsinke shi yana da rai, yana numfashi, yana fid da zafi. A makaranta an koya mana cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 ya kan ninka saurin lalacewarsa wajen sau biyu. Wanda ya ƙosa bai nuna ba ya fi son sanyin digiri 12 zuwa 13. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 shi ma ɓarna ne, ba zai nuna da kyau ba.

Dabarar sanyi ba baƙuwa ba ce gare mu. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Yanzu kuma akwai ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya soma kafawa a kasuwanni daga 2015, a biya kuɗin kwana a kan kowane kwando. Akwai kuma motoci masu firji, sai dai hayarsu ta fi ƙarfin mutum guda.

Amma abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne kwandon roba. Kwandon gargajiya ya kan ci kilo 50 ko fiye, na ƙasa ya murƙushe, tsinken kwando ya huda na gefe, in aka ɗora wani a kai nauyin duka a kan tumatir ya ke sauka. Na roba wajen kilo 25 ya ke ci, cikinsa sumul, yana da ƙofofin iska, in an jera su kuwa gefen kwando ne ke ɗaukar nauyi. Ana wanke shi a sake aiki da shi shekara da shekaru. Wahalarsa ita ce tsadar saye da dawo da shi daga kasuwa, shi ya sa ya fi dacewa da ƙungiya ko haya.

Waɗanda Ke Nesa Tukuna

Ana yawan tambayata labarin jirgi maras matuƙi da mota maras direba. Gaskiya ne akwai su. Kamfanin Zipline ya soma kai jini asibitocin ƙauye da ƙananan jirage a Ruwanda a 2016, a Gana a 2019, a Jihar Kaduna a 2022. Amma kayan da irin jirgin nan ke ɗauka ba su kai kilo 2 ba. Zai kawo maganin saran maciji ko allurar rigakafi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma ba zai ɗauki mudu biyu na gero ba. A birnin Finiks na Amurka tasi maras direba tana ɗaukar fasinja tun 2020, a kan tituna masu layi da alamu. Ranar da za ta iya ratsa tashar Unguwa Uku da yamma da saura.

Dattawa sun ce Gyadi-Gyadi da Tarauni da can gonaki ne, jaki ke kai kaya cikin gari. Yau gonakin sun yi nisa, amma jaki da amalanke ba su gama aiki ba. Duk ƙauyen da rafi ke yanke masa hanya da damina, ko gas ko batir ba su fid da shi. Sai an yi kwalbati an zuba burji. Bakanikai kuma su shirya. Yaron da ke koyon gyaran inji yau, ya haɗa da koyon aikin wuta da batir, don kada zamani ya bar shi a tasha.

Abin Da Ya Kamata A Yi Bana

1. Ka sami littafi ka rubuta abin da kowane buhu ko kwando ya ci daga gona zuwa kasuwa, da adadin da ya lalace. Wanda bai san abin da ya ke biya ba, ba zai gane araha ba in ta zo.

2. Ku haɗa kai ku yi lodi tare. Mutum goma masu buhu goma goma sun fi mai buhu goma shi kaɗai bakin magana wurin direba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Tumatir mai doguwar tafiya a tsinke shi ya soma ja, da sanyin safiya, a ajiye a inuwa, a ware mai rauni, a yi tafiya da dare.

4. Ƙungiya ta gwada kwandon roba ko 20 ne, a loda su mota guda da na gargajiya, a ƙirga abin da ya isa lafiya. Gani ya kori ji.

5. Kada ka tsinke sai ka yi waya ka tabbatar da kasuwa da mota.

6. Mai son juya motarsa zuwa gas ya je wurin da hukuma ta amince da shi, ya karɓi takarda. Mai son na batir ya tambayi inda zai sami kayan gyara da mai gyara kafin ya biya.

7. Ku kai kukan hanyar ƙauyenku ga ƙaramar hukuma a rubuce, da sunan ƙungiya, tun rani bai wuce ba.

To, ga amsar da na ba Baba kafin motarsa ta zo. Na ce, "Baba, keken nan shi kaɗai ba zai rage maka komai bana ba. Amma shi da gas da jirgi suna tafe, kuma za su rage wa wanda suka tarar a shirye, mai ƙungiya, mai lissafi, mai kwando na kirki." Ya ce, "Watau dai kamar ruwan farko, wanda ya yi sharar gona shi ke shuka." Na ce, "Ka gama magana, Baba."

Duk mai tambaya a kan wannan, ko wanda ya gwada ɗaya daga cikin dabarun nan ya ga riba ko hasara, ya rubuto mana domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kayanmu lafiya. Sai mako mai zuwa.

Malamin Gona, Tarauni, Kano.